Yadda muka ƙirga jariran da suka koma a gunduma ɗaya

Aikina a sashen lafiya na ƙaramar hukumarmu shi ne karɓar takardun wata-wata da asibitocin sha-ka-tafi da cibiyoyin lafiya na matakin farko ke aikowa, in duba su, in shigar da su manhajar DHIS2 inda ake tara bayanan lafiya na ƙasa baki ɗaya. Kafin a dawo da ni ofis na daɗe a ɗakin awo, saboda haka rajistar haihuwa ba baƙuwata ba ce. Da taron bitar ƙarshen shekara ya matso, shugaban sashenmu ya kira ni ya ce, "Malama, a fitar mana da ma'aunin mutuwar jarirai sabbin haihuwa, ko na gunduma ɗaya ne, mu san inda muka dosa." Ya zaɓi gundumar da ta fi kowace kawo takardu a kan kari, a ganinsa can ne aikin zai fi zuwa da sauƙi.

Ga yadda ma'aunin yake. Ana ɗaukar yawan jariran da aka haifa da rai amma suka rasu kafin su cika kwana 28, wato saman lissafi, a raba da yawan dukkan jariran da aka haifa da rai a wannan tsakanin, wato ƙasan lissafi, a ninka da 1,000. Ranar haihuwa ba a kiranta rana ta ɗaya, sifili ce, don haka ƙirgen yana tashi daga 0 ya tsaya a 27. A ciki kuma ana ware makon farko, wato 0 zuwa 6, daga sauran makonni ukun.

Akwai dalilin da ya sa ba a cakuɗa waɗannan kwanaki da sauran shekarar farko. Abin da ke ɗauke ɗan wata takwas ko goma sananne ne: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu, ƙyanda, tamowa. Sabon haihuwa kuwa nasa daban ne. Ko ya zo bakwaini, ko ya kasa numfashi bayan doguwar naƙuda, ko ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa, sau da yawa ta cibiya, ko kuma tawayar halitta. Allurar ƙyanda da ruwan gishiri da sukari ba su da abin da za su yi masa. Abin da wannan lambar take aunawa shi ne awon ciki, da hannun da ya karɓi haihuwa, da abin da aka yi wa jariri a makonsa na farko. Shi ya sa a binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ke gudanarwa, wanda ake kira NDHS, mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 132 cikin 1,000 a rahoton 2018 zuwa 110 a na 2023-24, amma ta sabbin haihuwa ta ƙi sauka: 37 a 2013, 39 a 2018, 41 a 2023-24. A duniya baki ɗaya lambar 17 ce a 2022, wato jarirai kimanin miliyan 2.3 a shekarar. Burin da ƙasashe suka amince da shi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015 kuwa shi ne kowace ƙasa ta sauko zuwa 12 ko ƙasa da haka nan da 2030.

Na fara da abin da ke kusa. Na karɓo rajistar ɗakin haihuwa ta cibiyar gundumar, na bi ta layi-layi, na ƙirga waɗanda aka rubuta an haifa da rai, na ƙirga waɗanda aka rubuta sun rasu, na danna kalkuleta. Lambar da ta fito ba ta ma kai 12 ba. A takarda dai mun riga mun cika burin 2030, a gundumar da mota ba ta iya shiga wasu ƙauyukanta da damina. Shugaba ya yi murmushi da na nuna masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kar a kai wannan taro tukuna."

Duk wadda ta taɓa kwana a ɗakin haihuwa ta san abin da rajistar ke gani da abin da ba ta gani. Matan da suka zo kawai ta sani, kuma rahoton 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Ko wadda ta zo ɗin ma ba ta daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai jego da jaririnta su yi aƙalla awa 24 a asibiti bayan haihuwa, amma a wajenmu da zarar mabiyiya ta faɗo, jini ya tsaya, dangi sun fara tattara kaya, domin ruwan wanka na kan wuta a gida. Jaririn da ya fita lafiya lau, zazzaɓi ya kama shi a kwana na huɗu, ya daina kama nono, ya cika da dare aka kai shi makwancinsa da hantsi, har gobe a rajistarmu "da rai" yake. Wanda kuma aka ga yana shan wahala tun a ɗakin haihuwa, babban asibiti ake tura shi. In ya rasu a hanya babu inda za a rubuta, in ya rasu a can a littafinsu zai shiga. Wannan ne ma ke sa lambar manyan asibitoci ta fito da ban tsoro: jariran da aka haifa a wasu wurare aka kawo su a galabaice suna shiga saman lissafinsu, alhali a ƙasan lissafin haihuwar da aka yi a ɗakinsu kawai ake sawa. Auna mutuwar jarirai da rajistar ƙaramar cibiya kamar auna ruwan sama ne da ƙwaryar da aka ajiye a ƙarƙashin rumfa.

Wani abokin aikina ya kawo shawarar a gyara ƙasan lissafin da ƙiyasin da muke amfani da shi wajen tsara rigakafi, inda ake ɗaukar kashi 4 cikin 100 na jama'ar gunduma a matsayin yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Wannan ƙiyasin a kan ƙidayar 2006 aka gina shi, ana ta ƙara masa kaso kowace shekara, domin tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Ko da a ce daidai yake, sai dai ya ƙara dagula lissafin: mutuwar da cibiya ta gani a sama, haihuwar gunduma duka a ƙasa, lambar ta ƙara ƙanƙancewa. Dole sama da ƙasa su fito daga jarirai guda, kuma duk jaririn da aka sa a ƙasa a san yadda kwanansa 28 suka ƙare. Rajistar Hukumar Ƙidaya ma ba za ta fisshe mu ba. A 2018 kashi 43 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajistar haihuwa a ƙasar, kuma wa zai je neman takardar mutuwar jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba? Abin da ya rage shi ne shiga gidaje.

Muka fara da gaisuwa wajen hakimi, shi ya haɗa mu da dagatai, su kuma suka tara mana masu unguwanni. Mata zalla na ɗiba cikin ma'aikatanmu da masu sa-kai na rigakafi, tunda yawancin gidajen ba a shiga ne. Kafin mu yi sallama a ƙofar kowa sai da muka haɗa jerin gidajen da aka haihu daga bakin mutanen da ba a cika tunawa da su a ofis ba. Wanzami ya san duk jaririn da ya kai suna, domin shi ya yi masa aski. Liman ya san wanda ya raɗa wa suna da wanda ya sallata. Ungozoma ce kaɗai ta san wanda bai kai ga ko ɗaya ba, domin ita ta yanke cibiya, ko ita aka kira ta gyara mai jego. Jerin nasu bai zo daidai da juna ba, kuma inda suka saɓa nan muka fi zuba ido.

Ba mu ce daga Janairu zuwa Disamba ba, don babu matar da za ta tuna ko a ƙarshen Disamba ta haihu ko a farkon Janairu. Muka ce daga babbar salla zuwa babbar salla. Kowace mace ta san ko da tsohon ciki ta yi suyar naman layya ko da goyo a baya. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, amma wannan bai taɓa ma'aunin ba, tunda sama da ƙasa duk daga tsakani guda suke fitowa. Da yake kuma salla ta riga ta wuce da watanni, jaririn ƙarshe a jerin ya daɗe da haye mako huɗu. Wanda bai cika kwana 28 ba ranar da aka je ba a sa shi, domin ba a san yadda za ta kaya ba tukuna.

Tambayar ce wuyar aikin. Ba a shiga ɗakin mace a ce mata yara nawa suka mutu miki. In ma ka tambayi Bahaushiya 'ya'yanta nawa, na raye za ta lissafa, wani lokaci ta tsallake ɗan fari saboda alkunya, ko wanda aka ba kakarsa ko gwaggonsa riƙo. Wanda ya koma kafin suna kuwa ba ya cikin lissafi sam. Don haka ciki muke tambaya, ba ɗa ba: bayan sallar bara kin yi ciki? Ya ya ƙare? Masu binciken NDHS, waɗanda a 2018 suka zauna da mata sama da dubu 41 masu shekara 15 zuwa 49, a da tarihin haihuwa suke ɗauka. A sabon tsarinsu su ma sun koma bin kowane ciki ɗaya bayan ɗaya, wanda aka haifa da wanda ya zube da wanda ya zo babu rai.

A wani gida na tarar da wata matashiya tana tankaɗe, surukarta na zaune a bakin ƙofar ɗaki. Jerin ungozoma ya ce an haihu a gidan, na wanzami bai ce ba. Bayan gaisuwa na fuskanci tsohuwar, tunda ita ce babba. Na ce, "Inna, an ce mana an sami ƙaruwa a gidan nan bayan salla." Ta ce, "Ƙaruwar dai ba ta zauna ba, 'yar nan. Ya koma." Na yi musu ta'aziyya, na ce Allah ya sa mai ceto ne, suka amsa da amin. Sannan na roƙi arziki ta bar ni in zauna da yarinyar mu biyu. Wannan mun nanata wa ma'aikatanmu tun kafin a fita: a gaban suruka ko kishiya amsa gajeruwa ce.

Abin da nake bukatar ji daga bakinta abu ɗaya ne, kuma shi ya fi kowane nauyin tambaya: da rai ya zo ko babu rai? Jaririn da aka haifa babu rai ba ya shiga wannan lissafin, ba sama ba ƙasa. Yana da nasa ma'aunin daban, wanda don a iya kwatanta ƙasashe ake fara ƙirgawa daga cikin da ya kai mako 28. Wanda ya zo da rai kuwa, ko minti biyu ya yi a duniya, ya shiga ƙasa ya shiga sama. Kuma a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya rai ba kuka kaɗai ba ne. Numfashi, bugun zuciya, harbawar igiyar cibiya, ko motsin gaɓa na haƙiƙa, ɗaya daga ciki ya isa, komai ƙanƙantar cikin.

Ta ce ita ba ta gan shi ba. Ta kwana ta wuni tana naƙuda, ta galabaita, ba ta ji kuka ba, aka naɗe shi aka fita da shi, aka ce ta yi haƙuri. Mata da yawa irin wannan amsar suka ba mu, kuma gaskiyarsu suka faɗa. An ɓoye musu ne don tausayi.

Tambayar da ta riƙa buɗe mana hanya ita ce, "An yi masa salla?" A fiƙihun Malikiyya da ake bi a wajenmu, jaririn da bai yi kuka ba bayan ya faɗo ba a sallatarsa, ba ya gado, ba a gadonsa. Saboda haka mazan gida da liman ba sa wasa da wannan batun, sai sun tambayi matan da ke ɗakin kafin a fita da shi. In aka ce an sallace shi, mun san ya zo da rai, magana ta ƙare. Amma in aka ce ba a yi ba, da sauran aiki, domin abin da malamai ke dubawa kuka ne, namu kuwa ya fi faɗi. Sai a koma wajen wadda ta karɓi haihuwar. Na sami ungozomar a gidanta tana kaɗi. Na ce, "Iya, yaron nan da ya koma a gidan da ke bayan masallaci, da kika ɗauke shi ya kika gan shi?" Ta ce, "Bai yi kuka ba, Malama. Sau ɗaya dai ya buɗe baki ya ja, ƙirjinsa na ɗan harbawa. Na yayyafa masa ruwa, na hura masa a kunne, shiru." A hukuncin salla bai kai ba. A takardarmu kuwa haihuwa ce da rai, rasuwa a rana ta sifili.

Ga abin da wannan iyakar ke yi wa lamba, da alƙaluman misali masu sauƙin rabawa. A ce an haifi jarirai 400 da rai, 16 suka rasu kafin kwana 28. Ma'auni 40 ke nan. To a ɗauke huɗu daga cikinsu, irin na ungozomar nan, a rubuta su "babu rai". Sama ya koma 12, ƙasa ya koma 396, ma'auni ya faɗo zuwa 30. An zabtare kashi ɗaya cikin huɗu na mutuwar jarirai ba tare da an ceci ko ɗaya ba.

Ba a gida kaɗai hakan ke faruwa ba. Da na sake buɗe rajistar cibiya sai na lura da yawan waɗanda aka rubuta an haifa babu rai amma jikinsu sabo. Rajistar tana bambanta iri biyu: wanda fatarsa ta fara saɓulewa, alamar ya daɗe da rasuwa a ciki, da wanda ya fito jiki sabo, alamar da ransa aka fara naƙuda. Cikin na biyun akwai waɗanda zuciyarsu na bugawa lokacin da suka faɗo, ba a sami mai saurara ba ne. Ni da na yi aikin dare ba zan ga laifin kowa ba. Nas ɗaya ce a bakin aiki, wuta ta ɗauke, fitilar waya a baki, uwa na zubar da jini, jariri ba ya motsi. Uwar za ta bi. Ga shi kuma "babu rai" ba ya jawo tambaya, "ya rasu a hannuna" kuwa yana jawowa. Tsarin bitar mutuwar masu juna biyu da jarirai da gwamnati ta kawo an gina shi a kan cewa ba a kiran suna, ba a ɗora laifi, amma sai ma'aikaciya ta ga hakan da idonta kafin ta saki jiki ta rubuta gaskiya.

Asarar kuwa ta wuce ta lamba. Jaririn da bai yi numfashi ba, sau da yawa in aka goge shi da busasshen tsumma, aka murza bayansa, aka gyara kansa hanyar iska ta buɗe, aka hura masa iska da 'yar jakar roban nan ta taimakon numfashi cikin minti na farko, yana tashi. In an rubuta shi "babu rai", babu wanda zai tambayi ina jakar take, ko wa aka koya wa amfani da ita. Shi ya sa ake son a riƙa fitar da wani ma'aunin a gefe, wanda ke haɗa waɗanda aka haifa babu rai da waɗanda suka rasu a makon farko, a raba da dukkan haihuwa, mai rai da marar rai. Shi babu ruwansa da gefen da aka ajiye jariri. Na fitar da shi, na sa shi kusa da namu.

Iyakar makon farko ba ta ba mu wahala ba, al'ada ta riga ta shata mana ita. Jaririn da aka haifa ran Talata, Talata mai zuwa ake suna, kuma a ƙirgenmu wannan ranar ce ta 7. Duk wanda ya koma kafin ranar suna na makon farko ne, daga ranar suna zuwa sama na kashi na biyu. A ƙasashe da yawa masu bincike na kokawa da yadda amsoshi ke taruwa a kan "sati ɗaya", a rasa ko kwana biyar ake nufi ko tara. Mu tambaya ɗaya ce: an yi taron suna ko ba a kai ba?

Kwana 28 ne ba shi da alama a rayuwar kowa. Abin da mace ta sani arba'in ne, ranar da za ta gama wankan jego ta fita yawon gaishe-gaishe. "Ya rasu ban yi arba'in ba" na iya zama kwana 12, na iya zama 35. Na farkon namu ne, na biyun ya tafi wani ma'aunin. "Ya yi wata ɗaya" ma haka, ana iya cike mako uku da 'yan kwanaki a kira shi wata. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce bin ranar haihuwa tana zagayowa. Talatar suna ita ce ta farko. In ya ga ta huɗu ya fita daga lissafi, ko da a daren ranar ya rasu. In ranar mako ta ɓace wa uwar, sai mu bi ta ranar kasuwa, ko tsayuwar wata, ko bikin da aka yi a unguwa.

Sai kuma hukunce-hukuncen da dole a yanke tun farko a tsaya a kansu. Matar da ta tafi goyon ciki garin iyayenta ta haihu a can, tamu ce, tunda nan take zaune. Baƙuwar da ta zo haihuwa gidan iyayenta a gundumarmu ba tamu ba ce, ko da ungozomarmu ce ta karɓa. Tagwaye mutum biyu ne, kowane da layinsa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne jaririn da uwarsa ta rasu wajen haihuwa. Duk binciken da ya dogara da bakin uwa ba ya ganinsa, alhali irinsa ne suka fi shiga haɗari. Matar da aurenta ya mutu bayan rasuwar jaririn ta koma garinsu ita ma haka take ɓacewa. Waɗannan daga jerin ungozoma da na liman muka tsamo su, muka tambayi kaka ko gwaggo.

Tunda mun riga mun zauna, mun kuma tambayi yadda rashin lafiyar ta faro. Labarin cibiya ya yi ta maimaituwa: an yi ta gashi da tsumma, an shafa wannan an barbaɗa wancan, ta fara wari, jiki ya yi zafi. Man kulohekzidin da gwamnati ta amince a riƙa shafa wa cibiya, yawancin waɗanda suka haihu a gida ko ganinsa ba su taɓa yi ba. Bakwaini kuma an yi masa wanka tun ranar farko, sanyi ya kama shi, alhali abin da ya fi bukata a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a rufe su tare.

Da takardu suka kammala na zauna na raba. Lambar ta ninninka ta rajista, ta zo kusa da ta ƙasa baki ɗaya. Kafin in yarda da ita sai da na gwada ta. A duniya kusan kashi uku cikin huɗu na mutuwar sabbin haihuwa a makon farko take faruwa, kaso mai tsoka a ranar farko. In lissafinka ya nuna na makon farko ba su kai rabi ba, to waɗanda ba su kai suna ba ne ka baro a baya. Namu ya zo kusa da yadda ake tsammani. Na kuma duba maza da mata, tunda a halitta ana haifar maza kimanin 105 a kan kowace mata 100. A ƙaramin jeri irin namu wannan gwajin ba shi da ƙarfi sosai, amma da ya karkace ƙwarai da na koma unguwannin.

Akwai kuma maganar da ba a son ji a taro, cewa gunduma ɗaya a shekara ɗaya ta yi ƙanƙanta a ɗora mata hukunci. A koma misalin nan na 16 cikin 400. Ƙa'ida ta kusa-kusa ita ce a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da yawan mutuwar, a nan 4, sai a ruɓanya ta, 8. Ma'ana, ko babu abin da ya canza a gundumar, baɗi ana iya samun 8, ana iya samun 24. Ma'aunin da aka kira 40 yana iya zama ko'ina tsakanin 20 da 60. Don haka in baɗi aka ce ya sauko zuwa 33, kar kowa ya kira 'yan jarida. Shi kansa NDHS shekara biyar yake haɗawa ya fitar da lambar ƙasa, ta jihohi kuwa shekara goma. In yaran da aka gina lamba a kansu ba su kai 500 ba sai ya sa ta cikin baka, in ba su kai 250 ba ba ya bugawa. Alƙaluman shekara-shekara da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya ke fitarwa tare ma, ga ƙasa irin tamu, ƙiyasi ne da ake ginawa daga irin waɗannan bincike, ba ƙirgen gawa ba.

Ranar taro na tafi da lambobin biyu, ta rajista da ta gida-gida, na rubuta iyakar sama da ta ƙasa a gefen ta biyun. Shugaba ya ce, "To Malama, wacce za mu aika sama?" Na ce, "Ranka ya daɗe, manhaja ta rajista take karɓa, ita za ta tafi. Amma a rahotonmu a rubuta cewa ta cibiya ce, ba ta gunduma ba." Mai kula da cibiyar ya miƙe ya ce yanzu gundumarsu ce za ta fito ta fi kowace muni, alhali su kaɗai aka ƙirga da kyau. Gaskiyarsa ce, kuma na faɗa a gaban kowa cewa duk inda aka gyara ƙirge lambar hawa za ta fara yi, kar a riƙe shi da ita.

Aka tsayar cewa kowace ungozoma a ba ta littafi mai zane, tunda yawancinsu ba su yi boko ba: gida ɗaya na ranar haihuwa, ɗaya na ko jariri ya yi numfashi ko motsi, ɗaya na suna, ɗaya na mako na huɗu. Masu sa-kai kuma su riƙa leƙa mai jego a kwana na uku da lokacin suna, kwanakin da dama can Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri, su kai man cibiya, su cike gidajen littafin. Gunduma ta biyu da aka ba mu ita ce ta bakin kogi, inda babu cibiya mai ɗakin haihuwa kwata-kwata. Can babu rajistar da za a buɗe, da ungozomomi muka fara.